Takalmin Zomo Da Tambarin Nijeriya

Babu ofishin hukuma a ƙasar nan, babba ko ƙarami, wanda mutum zai shiga bai tarad da tambarin Nijeriya ba. Yana bisa kan alƙali a ɗakin shari'a, yana jikin fasfo da kuɗin ƙarfe, yana kuma saman takardun gwamnati. 'Yan makaranta su kan haddace fassararsa kamar karatun allo. In an tambaye su sai su ce baƙar garkuwar nan ita ce ƙasa mai albarkar noma. Farin zanen da ya rabu biyu a cikinta shi ne Kwara da Binuwai, waɗanda suka haɗu a Lakwaja. Fararen dawakin nan biyu martaba ke nan, jar mikiyar da ke bisa kuwa ƙarfi. Duk wannan daidai ne. Amma a nuna musu 'yan furannin nan da ke warwatse cikin ciyawa a ƙarƙashin kofaton dawakin, a ce, "Wannan fa, mene ne sunansa da Hausa, a ina ya ke fitowa, wane launi gare shi?" Nan magana ta kan ƙare. Ba yaran kaɗai ba, har malaminsu, har mai ofishin da tambarin ke rataye bisa kansa, da wuya a sami mai amsawa.

Furen nan shi ne wanda aka zaɓa ya zama furen ƙasa tun 1960, shekarar da aka sami mulkin kai. Ba daga Turai aka kawo shi ba, ɗan dajin ƙasar nan ne, Hausawa kuma sun raɗa masa suna tun kaka da kakanni: takalmin zomo. An kuwa yi masa laifi uku. An manta da sunansa, an sauya masa launi, an kuma ƙi shuka shi, alhali kuwa ana kashe kuɗi ana shayar da furannin waɗansu ƙasashe. Laifin nan uku duka suna gyaruwa, gyaransu kuma bai kai kuɗin fenti ɗaya na bangon ofis ba. Abin da ya hana shi ne rashin kula, rashin kula da abin gida kuwa cuta ce wadda ba ta tsayawa ga fure kaɗai.

Kamannin Takalmin Zomo

Wanda ya taɓa ratsa dajin tsakiyar ƙasar nan ko na kudancin Arewa da farkon damina, watakila ya taka shi bai sani ba. Ba shi da kara, ba shi da reshe. Ganye huɗu gare shi, masu faɗi, masu kauri, kewayayyu, kowanne ya kai tafin hannun babban mutum ko ya fi, suna kwance shimfiɗe a ƙasa suna fuskantar kusurwa huɗu. Samansu sumul ya ke, ƙarƙashinsu da ɗan gashi-gashi, bakinsu kuma da wani siririn zane ja-ja kamar an yi masa dajiya. Daga tsakiyar ganyen nan, inda suka haɗu, furen ke ɓullowa, rawaya shar kamar garin ɗorawa, bakinsa a buɗe kamar na kakaki, faɗinsa kusan inci 3. Fure guda ba ya daɗewa. Ya kan buɗe ya yi ƙwambonsa, kafin a jima ya yanƙwane, wani ya fito a gurbinsa, ana haka har kwanaki masu dama.

Ya fi son wurin da ke da 'yar inuwa da ruɓaɓɓen ganye, kamar gindin itatuwa da tsakanin duwatsu. In damina ta wuce ganyen ya kan bushe ya ɓace ƙaf, har mai wucewa da rani ba zai ce akwai kome a wurin ba. Amma saiwarsa tana nan a ƙarƙashin ƙasa, mai tsoka, tana ajiye da abincinta. Dangin citta ne, masana tsirrai sun jera su kusa da juna, shi ya sa halinsu na kwanciya da rani da tashi da damina ya zo ɗaya. Ba Nijeriya kaɗai ke da shi ba. Ana samunsa tun daga Saliyo har Sudan, ya gangara kudu har Angola da Zimbabuwe.

Sunansa na Hausa shaida ne cewa mutanen dā sun dube shi da idon basira. Sun ga ganyen a shimfiɗe kamar tafin takalmin da aka tuɓe aka ajiye a daji, suka ce wannan sai zomo. Haka suka yi wa nonon kurciya, da albasar kwaɗi, da gautan kura, da gatarin kurege. Masana na Turai sun zo daga baya. A 1865 wani Bature masanin tsirrai a birnin Biyana, mai suna Fenzl, ya rubuta siffarsa ya ba shi suna, a 1892 kuma wani Bajamushe mai suna Schumann ya gyara sunan ya zama Costus spectabilis, wanda a ke amfani da shi har yau. Kalmar ƙarshen nan ta Latin ce, ma'anarta abin da ya isa kallo. Wani likitan gwamnati kuma, Dokta Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya bi yana tambayar manoma da maharba da masu magani sunayen tsirrai, ya tara su a littafi aka buga a 1916. A cikinsa akwai takalmin zomo. Har wani masani a Ingila ya raɗa wa tsiron sunan likitan nan, yana tsammani sabon iri ne, daga baya aka gane shi ne dai na 1865. Baƙo ke nan ya tsuguna gaban tsofaffi ya rubuta abin da suka sani, jikokin tsofaffin nan kuwa, da suka iya alƙalami, sun wuce shi ba ko waiwaye.

Kuskuren Launi

Laifin da ya fi fitowa fili shi ne na launi. A mafi yawan zane-zanen tambari, har waɗanda ke rataye a manyan ofisoshi, furen ja aka yi shi. Littattafan makaranta da yawa sun bi sahu, suna cewa jajayen furannin da ke ƙasan tambari su ne furen ƙasa. Takalmin zomo kuwa bai taɓa yin jan fure ba. Har sunan nan na Latin ma a kan same shi a rubuce da kuskure, an sa "c" a gurbin "s" na tsakiya, wannan ya kwafa daga wancan, wancan daga na gabansa, ba wanda ya tashi ya je ya duba.

Waɗansu za su ce wannan ƙaramin abu ne, ja ko rawaya duk fure ne. Masu faɗin haka ba su yi tunani a kan abin da tambari ya ke ba. Tambari shi ne hatimin ƙasa, hatimi kuwa amfaninsa duka yana ga daidaitonsa. In akawu yana kwafar rajistar haraji ya rubuta 8 a inda aka sa 3, ba a ce masa ai duk lamba ce. A kan sa shi ya sake, in ya yawaita a sallame shi. In mai zane ya yi wa dawakin nan fenti baƙi, ko ya mai da koren tutar ƙasa shuɗi, kafin la'asar an sauke aikinsa an ce ya ci mutuncin ƙasa. To, me ya sa na fure ya wuce shekara sittin da 'yan kai ba wanda ya ce uffan? Dalili ɗaya ne: kowa ya san doki, kowa ya san tuta, amma masu rataye tambarin ba su taɓa ganin furen da idonsu ba. Jan launin nan shaida ce a rataye a bango, kullum tana faɗa wa duniya cewa masu gida ba su san abin da ke bayan gidansu ba.

Kada kuma a ce abin da aka kafa ba ya taɓuwa. Kalmomin da ke rubuce a ƙasan tambarin nan an taɓa su. Da farko haɗin kai da imani kaɗai aka ambata, a 1978 aka ƙara zaman lafiya da ci gaba. Taken ƙasa ma an sauya shi a 1978, sa'an nan aka komo da na farko a 2024. Ƙasar da ta iya sauya takenta sau biyu ba za ta kasa tsoma burushi cikin rawaya ba. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Ado Da Kayan Aro

Laifi na gaba shi ne na masu lambu. A zaga gidajen gwamnati da manyan makarantu da bakin titunan birane a duba abin da aka shuka don ado. Ga kurangar nan mai ƙaya, mai fure ja ko shunayya, wadda Turawa ke kira bugambiliya. Asalinta Amurka ta Kudu. Ga itacen nan mai jan fure da ke cika da bazara kamar gobara. Asalinsa tsibirin Madagaska. Ga wardi da waɗansu 'yan furanni na ƙasar sanyi, waɗanda sai an tsaya a kansu da bokiti safe da yamma, in mai lambu ya yi zazzaɓin kwana uku su mutu. A cikin rani, lokacin da mata ke layi a bakin famfo, ana kwarara wa waɗannan ruwa. Furen da ke cikin hatimin ofishin kuwa, wanda ba ya roƙon ko moɗa ɗaya da rani, ba a ba shi ko taki ɗaya na fili ba.

Ba cewa a ke yi duk baƙon tsiro mugu ne ba. Mangwaro daga wajen Indiya ya zo, masara da rogo da gyaɗa daga Amurka, darbejiya kuma, wadda aka fara dasawa a ƙasar Barno a 1928, ta yi wa garuruwan Arewa inuwar da ba mai musunta. Baƙon da ya zo da alheri a kan shimfiɗa masa tabarma. Abin ƙi shi ne a kori ɗan gida a ba baƙo ɗakinsa, don kawai a ce an waye. Baƙon fure kuma ba kullum ya ke tsayawa inda aka ajiye shi ba. Akwai wata irin kainuwa mai shuɗin fure, 'yar kogin Amazon, wadda mutane suka riƙa ɗauka daga ƙasa zuwa ƙasa saboda kyaunta. A 1984 ta bayyana a ruwayen Badagiri da Ikko, ta rufe hanyar jirage, ta hana masunta jefa taru, daga baya ta kai har Kwara da tafkin Kainji. An kashe dukiya mai yawa wajen kwashe ta, ba ta ƙare ba. Takalmin zomo kuwa yana zaune da itatuwa da ƙwari da dabbobin ƙasar nan tun kafin a kafa gari, bai taɓa tare wa kowa hanya ba.

Amsa Ga Masu Musu

Akwai mai cewa, "Fure ba ya maganin yunwa, a bar mutum da gero da dawa." Gaskiya ne ba a tuƙa tuwo da shi. Amma mai wannan magana yana sa hula mai aiki, yana biyan kuɗin ɗinkin aska takwas a rigarsa, matarsa tana jeren kwanoni, magini kuma ya yi masa zane a ƙofar zaure. Cikin waɗannan ba wanda a ke ci. Ɗan Adam ba ya rayuwa ba tare da ado ba, ko matalauci ne. Wurin da takalmin zomo ke so kuwa, watau gindin itace da jikin katanga, ba wurin da gero zai yi ba ne, saboda haka ba ya ƙwace wa hatsi ko kunya ɗaya.

In kuwa maganar kuɗi a ke so, fure ma sana'a ce. Holan ta shahara da furen tulib, alhali asalinsa ƙasashen tsakiyar Asiya ne, ta hannun Turkawa ya shiga Turai, a 1593 aka dasa shi a lambun jami'ar Laidin. Mutanen Holan suka lura da shi suka koyi halinsa, har ya zama hajar da su ke sayar wa duniya. Kenya ma tana noman wardi a bakin tafkin Naibasha, jiragen sama suna kwasa zuwa Turai. Ba za a yi wa mai karatu ƙarya a ce takalmin zomo zai kai haka ba, gama furensa ba ya jure yanka da tafiya. Amma masu sha'awar tsirrai a Turai da Amurka suna sayen saiwarsa suna renonta a tukunya cikin ɗakin gilashi. Abin da wani ke biyan kuɗi ya gani, mai shi yana takawa da takalmi. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Akwai kuma mai cewa shuka fure al'adar Turawa ce. Sunayen da aka ambata a baya sun isa amsa. Wanda ya tsaya ya dubi tsiro har ya ga takalmi a ganyensa, ya ga gatari a saiwar wani, ya ga nono a ruwan wani, ba Bature ne ya koya masa kallo ba. Matan ƙasar nan sun daɗe suna shuka lalle a bayan ɗaki suna jin daɗin ƙanshin furensa. Duban halittar Ubangiji da lura da hikimar da ke cikinta kuwa, malamai ba su taɓa hana shi ba, umurni ma su ke yi da shi. Abin da ya zo da zamani shi ne raina na gida, shi ne kuwa ya kamata a kira baƙuwar al'ada.

A dubi yadda wata ƙasa ta yi da nata. Furen ƙasar Zimbabuwe shi ne wanda Hausawa ke kira baurairai, ko gatarin kurege, mai hawa jikin itace, mai fure ja da rawaya kamar harshen wuta. Yana fitowa a dajin Arewa ma da damina, amma dafi gare shi ƙwarai, musamman saiwar, kada a bar yara ko dabbobi su ci. A 1947 'yan makarantar ƙasar, lokacin ana kiranta Rodeshiya ta Kudu, suka tara 'yan kuɗinsu aka ƙera abin maƙalawa a riga na lu'ulu'u mai siffar furen nan, aka ba Elizabeth 'yar Sarkin Ingila kyautar cika shekara 21. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1980 ba ta yar da furen ba, akwai ma dokar da ta hana tuge shi barkatai. Can yaro ya san furen ƙasarsa da ido. Nan kuwa an sa wa furen ƙasa rigar wani, an rataye, ba mai tambaya.

Yadda A Ke Shuka Shi

Da a ce shukarsa tana da wuya, da an sami uzuri. Ba ta da wuya. Manoman citta na wajen Kaciya da Kwoi sun riga sun san rabin aikin, gama hanyar kusan ɗaya ce.

Da fari sai a nemo inda ya ke tun damina tana tsaka, a kafa sanda ko a jera duwatsu a wurin, don da rani ba abin da zai nuna shi. In kaka ta yi, ganye ya bushe, sai a haƙa a hankali, a zurfafa, gama saiwar ta kan nutsa ƙasa kuma tana da saurin karyewa. Kada a kwashe duka. In an tarad da gindi biyar a ɗauki ɗaya a bar huɗu, a kuma mai da ƙasar ramin. Wanda ya share daji don ya ƙawata gidansa ɓarna ya yi.

Saiwar da aka kawo sai a binne ta cikin busasshen yashi a tsohuwar tukunya, a ajiye a inuwa inda ruwa ba ya taɓawa, har bazara. In hadari ya fara haɗuwa sai a gyara wuri. A zaɓi inda hantsi ke taɓawa amma rana tsaka ba ta dukansa, kamar gabashin katanga ko gindin itace mai sakakkiyar inuwa. A haɗa ƙasar gindin itace mai ruɓaɓɓen ganye da yashi da ɗan tsohon taki wanda ya huce. A kwantar da saiwar, a rufe ta da ƙasa kaurin yatsa uku, a bar tazarar kamu ɗaya tsakanin wannan da wancan, don ganyen yana son wurin shimfiɗa. Kada a sa shi a kwari inda ruwa ke kwanciya, ko ƙarƙashin indararo, gama yawan ruwa ya kan ruɓar da saiwar. A kewaye wurin da ƙaya ko zana saboda awaki da kaji.

In damina tana tafiya daidai ba ya bukatar ban ruwa. In an yi fari na kwanaki sai a ɗan yayyafa masa. A can arewa sosai, inda damina gajeriya ce, ya fi kyau a shuka shi a tukunya ko kasko mai huji a gindi, a ajiye a inuwa, a riƙa taimaka masa da ruwa. Babban abin kiyayewa shi ne na ƙarshe: in ganye ya fara rawaya da kaka, a janye ruwa ɗungum. Mai lambun da ya saba da furannin Turai zai ga ganye ya bushe ya ce tsiro zai mutu, ya dinga kwarara masa ruwa, da haka ne kuwa zai kashe shi. Barci ya ke yi, a ƙyale shi. Bayan shekara biyu ko uku saiwar ta yi 'ya'ya, sai a tono a raba, a ba maƙwabci.

Abin Da Furen Ke Nunawa

Abin da a ke koya wa yara shi ne furen yana nuna kyaun ƙasa. Haka ne, amma wanda ya san tsiron zai ga abin da ya fi wannan. Ganye huɗu ne, ɗaya gabas, ɗaya yamma, ɗaya kudu, ɗaya arewa, kowanne da nasa wuri, ba mai hawa kan wani, saiwarsu kuwa ɗaya, furen kuma ba ya fitowa sai a inda suka haɗu. Ƙasa mai kabilu da harsuna masu yawa, wadda ta ɗanɗani yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ba ta rasa abin koyo a nan ba. Ga shi kuma ba ya ɗaga kai sama da ƙasa, duk da kyaunsa. Rani ya zo da zafinsa, gobarar daji ta bi ta kansa, ya haƙura a ƙarƙashin ƙasa da ɗan abin da ya tara, ruwan fari na sauka ya fito. Halin talakan ƙasar nan ke nan, wanda ya ga fari da yunwa, ya kuma koma gona da shuka ta gaba. Waɗanda suka zaɓe shi, ko da gangan ko bisa dace, sun yi zaɓe mai kyau. Amma darasin nan duka ba ya isa ga yaron da bai taɓa ganin tsiron ba, sai wani ɗigon jan fenti a ƙasan hoto. Gani ya kori ji.

Ba a ce tsiron ya kusa ƙarewa a duniya ba, yana da yawa a ƙasashen Afirka. Sai dai kullum yana ƙara nisa da gari. Itatuwan da ke yi masa inuwa ana sare su don gawayi, duwatsun da ya ke fakewa a cikinsu ana fasa su don gini, garmar tarakta tana tone saiwa, maganin feshi kuma ba ya bambanta fure da ciyawa. Tsofaffin da suka san sunansa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In aka yi sake, sunan zai riga tsiron ɓacewa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, hukuma ta ba da umurni a mai da furen tambari rawaya a kowane sabon zane da za a buga, masu buga littattafan makaranta kuma su gyara nasu, su sa hoton tsiron na gaskiya, su rubuta sunansa da Hausa da sauran harsunan ƙasa kusa da na Latin.

Na biyu, ma'aikatan gandun daji su reni saiwarsa a wuraren da su ke renon dashen itatuwa, don mai so ya samu ba sai ya tone daji ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Kowace ta ware ɗan fili a ƙofar ofishinta, kowace makarantar firamare ta yi kwami ɗaya kusa da sandar tuta, yara su shuka da hannunsu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Sarakuna da hakimai in suka shuka a ƙofar fada, ba sai an yi wa talakawa shela ba.

Na uku, wannan aikin waɗanda suka fita daga ajin yaƙi da jahilci ne, ba sai sun jira hukuma ba. Wanda ya iya rubutu ya sami ɗan littafi, ya zauna da tsohon maharbi ko makiyayi ko unguwarzoma, ya tambayi sunan kowane tsiro na dajin garinsu, da lokacin furensa, da launinsa, da amfaninsa ko cutarsa, ya rubuta. Abin da likita baƙo ya yi a 1916, ɗan gari ya fi shi iyawa, gama harshen nasa ne, dajin ma nasa ne. In damina ta faɗi kuma ya kama hannun ɗansa ya kai shi gindin dutse ya nuna masa ganye huɗun nan da furen da ke tsakaninsu, ya ce masa, "Ka ga takalmin zomo, shi ne ke cikin tambarin ƙasarku, rawaya ne kuwa, ko wa ya ce maka ja ne." Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa masu iko su ji, su gyara.